Suturar Hoto: Yadda Kwamfuta Ke Sa Wa Siffofi Fata Har Su Yi Kama Da Gaskiya

A ranar 14 ga Nuwamba, 2017, Ma'aikatar Tsaron Rasha ta wallafa wasu hotuna a shafukanta na Facebook da Twitter, ta ce hujja ce da ba za a iya musantawa ba cewa sojojin Amurka suna ba ayarin motocin mayaƙan IS kariya a kusa da garin Albu Kamal na ƙasar Siriya. Cikin 'yan sa'o'i masu bin diddigi a intanet suka gano cewa ɗaya daga cikin hotunan an yanko shi ne daga bidiyon tallar wani wasan wayar salula mai suna AC-130 Gunship Simulator. Ma'aikatar ta goge hotunan, ta ɗora laifin a kan wani ma'aikacinta farar hula.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da wannan karin magana duk mai yaɗa hoton bogi yake cin kasuwarsa. Abin da ya ba kwamfuta ikon ƙera hoton da zai ruɗi ido, har ma'aikatar tsaro ta babbar ƙasa ta gabatar da shi a matsayin shaida, dabaru ne da aka shafe fiye da shekara 50 ana tarawa. Ɗaya daga cikin manyansu ita ce dabarar lulluɓe siffa da hoto, abin da masu sana'ar ke kira tekisca a Turance. A wannan maƙala za a kira ta sutura, domin aikinta ke nan: ita ce ke mayar da dunƙulen siffa marar launi ya zama bangon jar ƙasa, ko ƙarfe mai tsatsa, ko fuskar ɗan Adam. Wanda ya san yadda ake sa wannan sutura zai fi gane abin da yake kallo a fim da wasan bidiyo da allunan tallar ayyukan gwamnati, zai kuma san inda ƙarya ta saba fakewa.

Ƙashi da fata

Duk abin da aka ƙera a kwamfuta mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda ake ce wa siffar 3D, da raga yake farawa. Raga tarin ƙananan alwatika ce, wato siffofi masu kusurwa uku, da aka jona gefe da gefe har suka ba da fasalin abin da ake so, tulu ne ko mota ko gida ko mutum. Kwamfuta tana riƙe matsayin kowane tsini na ragar da lambobi uku, X da Y da Z. Akwati marar ado alwatika 12 sun ishe shi, biyu a kowace fuska. Kan mutum a fim kuwa yakan ci dubbai masu yawa.

Raga ita kaɗai fasali take bayarwa, babu launi, babu tabo, babu alamar tsufa. Idan ana son katangar bulo, ana iya sassaƙa kowane bulo da kowace tsaga da alwatika, amma hakan zai ci miliyoyi, ya kuma gajiyar da na'ura. Hanya mai sauƙi ita ce a yi katangar da alwatika biyu kacal, sannan a manna mata hoton bulo. Magina a ƙasar Hausa sun san irin wannan rabon aiki: tubali ne ke riƙe gini, amma abin da mai wucewa ke gani shi ne yaɓe da makuba da zanen da aka yi a fuskar soro.

Sutura hoto ce shimfiɗaɗɗiya, irin wadda kowa ke ɗauka da waya, mai ɗigo-ɗigon launi jere a layi. Ɗigon da ke kan allon waya ko kwamfuta sunansa fiksal, wanda ke jikin sutura kuma teksal. Lokacin fitar da hoto, manhaja tana bin fiksal ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi: wace alwatika ce a nan, wane wuri ne a jikinta, wane launi sutura ta ajiye wa wannan wuri, kuma haske nawa ke sauka a kansa? Allo mai fiksal 1920 a faɗi da 1080 a tsaye yana da fiksal 2,073,600. Wasan bidiyo da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana amsa waɗannan tambayoyi fiye da sau miliyan 124 a kowace daƙiƙa.

Yanka da ɗinki

Matsalar farko ita ce wadda kowane tela ya sani: yadi a shimfiɗe yake, jikin mutum kuwa yana da tudu da kwari. Kafin a sa wa raga sutura sai an warware ta. Mai aikin yakan zaɓi layukan da za a tsaga, manhaja ta buɗe ragar ta shimfiɗa ta a fili, kamar yadda majemi ke shimfiɗa fatar rago bayan fiɗa. Daga nan kowane tsini na ragar yana samun ƙarin lambobi biyu, U da V, masu nuna matsayinsa a kan hoton suturar. An ɗauki waɗannan haruffa ne saboda X da Y da Z sun riga sun sami aiki. Lambobin suna tafiya daga 0 zuwa 1, don haka tsinin da ke da U 0.5 da V 0.5 yana tsakiyar hoton daidai. Wuraren da ke tsakanin tsini da tsini kuwa, kwamfuta ce ke ƙididdige nasu ta hanyar raba tazara.

Inda aka tsaga, nan ɗinki yake fitowa, kuma idan zanen ɓangarorin biyu bai haɗu ba ido yana kama shi nan take. Shi ya sa gwanaye ke kai ɗinkin wuraren da ba a cika kallo ba, kamar ƙarƙashin hammata, ƙeya da cikin cinya.

Akwai kuma cikas da babu gwanintar da ke kawar da shi. A 1827 masanin lissafi ɗan Jamus Carl Friedrich Gauss ya tabbatar da cewa ba yadda za a shimfiɗa fuskar ƙwallo a fili ba tare da an miƙe wani wuri ko an matse wani ba. Wannan ce matsalar masu zana taswirar duniya. Taswirar Mercator ta 1569 ta kiyaye kusurwoyi domin matuƙa jirgin ruwa, amma ta kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, har tsibirin Greenland ya yi kama da Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A watan Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan gangamin neman a daina amfani da ita a makarantu da hukumomi. Mai warware raga yana fuskantar zaɓi iri ɗaya: wane wuri zai ba fili mai yawa, wane zai matse. Fuska takan samu kaso mafi tsoka, tafin ƙafa ya samu ragowa. Don gane inda aka miƙe, ana fara gwada ragar da sutura mai gida-gida baƙi da fari. Duk inda gidan ya zama dogo ko ya karkace, akwai gyara.

Wahalar wannan aiki ce ta sa Brent Burley da Dylan Lacewell na kamfanin Disney suka fito da tsarin Ptex a 2008, wanda ke ba kowace fuskar raga 'yar suturarta, ba sai an warware komai ba. Kamfanin ya saki tsarin kyauta a 2010. Duk da haka hanyar U da V ce har yanzu ta fi yawa, musamman a wasannin bidiyo.

Daga Utah zuwa aljihun kowa

Asalin dabarar yana komawa Jami'ar Utah da ke Amurka, inda Edwin Catmull ya bayyana ta a kundin digirinsa na uku a 1974. Catmull ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar a 1986, kamfanin da ya fitar da Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa da kwamfuta. Shi da Pat Hanrahan ne suka samu lambar yabo ta Turing ta 2019, mafi daraja a ilimin kwamfuta.

A 1976 Jim Blinn da Martin Newell, su ma a Utah, suka nuna yadda za a sa abu mai sheƙi ya nuna hoton abin da ke kewaye da shi, ta hanyar naɗe hoton muhallin a matsayin sutura. A 1978 Blinn ya ƙara da dabarar gargada, wadda za a yi bayaninta a ƙasa. Lance Williams ya kawo maganin matsalar nisa a 1983, Robert Cook ya kawo turawar raga a 1984, Ken Perlin kuma ya wallafa lissafinsa na ƙirƙirar zane a 1985.

Duk waɗannan a manyan na'urorin jami'o'i da kamfanonin fim aka yi su, inda hoto guda kan ɗauki mintuna ko sa'o'i. Wasannin bidiyo ne suka kai dabarar gidajen mutane. Wolfenstein 3D a 1992 da Doom a 1993 sun lulluɓe bangaye da hotuna a kwamfutar gida. Na'urar PlayStation ta farko, ta 1994, tana manna sutura ba tare da lissafin zurfi ba, shi ya sa bango da ƙasa ke lanƙwasa suna rawa idan ɗan wasa ya matso kusa. Nintendo 64 ta 1996 ta gyara wannan, amma ma'ajiyar suturarta kilobayit 4 ce kawai, don haka hotunanta suka zama dishi-dishi. A shekarar ce kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo, wanda babban aikinsa shi ne manna sutura da sauri, sannan a 1999 Nvidia ta fitar da GeForce 256 ta kira shi GPU.

Yau kowace wayar zamani tana da GPU a cikinta. Na'urar da aka ƙera don shafa wa dodannin wasa launi ta kuma zama ginshiƙin fasahar ƙirƙirarriyar basira, domin aikin iri ɗaya ne: ƙananan lissafai miliyoyi a lokaci guda. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Amurka ta taƙaita sayar wa Sin manyan samfuran irin waɗannan na'urori, abin da ya mayar da su makamin siyasar duniya.

Bango guda, taswirori da yawa

A aikin zamani abu guda yakan ɗauki suturu da dama a jere, kowace da saƙon da take isar wa manhaja. Masu sana'ar suna kiransu taswirori.

Ta farko ita ce taswirar asalin launi. Tana ɗauke da launin abu tsantsa, ba inuwa, ba ƙyalli, domin manhaja ce za ta ƙara waɗannan gwargwadon hasken wurin.

Ta biyu taswirar kaushi ce, hoto mai baƙi da fari da ke faɗa wa manhaja inda fuskar abu take sumul da inda take da kaushi. Wuri mai sumul yana mayar da haske a dunƙule, kamar tiren silba sabo. Mai kaushi yana watsa shi, kamar tukunyar ƙasa. Sawun yatsa a jikin gilashi da zufa a goshi duk a nan ake zana su.

Ta uku tana raba ƙarfe da abin da ba ƙarfe ba, saboda ƙarfe yana rina hasken da ya mayar da launinsa, kamar yadda zinariya da tagulla ke yi, itace da roba kuwa ba sa yi.

Ta huɗu ita ce ta gargada, gadon Blinn. Hasken da ke bayyana a wuri ya danganta da inda wurin ya fuskanta. Blinn ya lura cewa idan aka yaudari lissafin haske, aka ce masa wannan ɗigo ya ɗan karkata hagu, wancan dama, ido zai ga tudu da rami a wurin da yake shafe. Nau'inta da ya fi yaɗuwa a yau yana ajiye alƙiblar kowane ɗigo cikin launuka uku, ja da kore da shuɗi. Wurin da ke fuskantar gaba sak yana da lambobi 128 da 128 da 255, shi ya sa irin waɗannan taswirori ke da launin shuɗi mai ratsin shunayya. Rauninta a gefe yake: lemon da aka yi wa gargada ta wannan hanya zai yi ƙuraje a tsakiya, amma da'irar gefensa za ta kasance sumul, domin ragar ba ta motsa ba.

Ta biyar, taswirar turawa, ita ce ke motsa ragar da gaske, ta tura wani wuri waje ta ja wani ciki. Ta fi gaskiya, ta kuma fi cin ƙarfin na'ura, don haka fim ya fi wasa amfani da ita.

A da kowane kamfani da yadda yake haɗa waɗannan, kuma abin da ya yi kyau da rana yakan lalace da dare. A 2012 Brent Burley ya gabatar da tsarin da Disney ta yi aiki da shi a fim ɗin Wreck-It Ralph, mai bin ƙa'idojin kimiyyar haske da 'yan ma'aunai kaɗan. Manhajoji da yawa, har da Blender da Unreal Engine, sun ɗauki wannan tsari, kuma shi ne ya sa kayan da aka yi a manhaja ɗaya ke iya shiga wata ba tare da sun canza kama sosai ba.

Nisa da nauyi

Idan katanga ta yi nisa, fiksal guda na allo yana iya rufe teksal ɗari na sutura. In manhaja ta ɗauki ɗaya kawai a cikinsu, hoton zai riƙa walƙiya da kyarma duk lokacin da kyamara ta motsa. Maganin Lance Williams shi ne a tanadi kwafin suturar tun da wuri a girma daban-daban: cikakkiya, rabi, rubu'i, har zuwa ɗigo guda, manhaja ta zaɓi wadda ta dace da nisan. Ana kiran dabarar MIP, daga jimlar Latin mai nufin abu mai yawa a ƙaramin wuri. Duka kwafin suna ƙara sulusi ɗaya ne kawai a kan nauyin asali.

Nauyin kansa ba ƙarami ba ne. Sutura mai ɗigo 4096 a kowane gefe tana da teksal 16,777,216. Idan kowane ya ci bayit 4, ta kai megabayit 64, da kwafin MIP kuma kusan 85. Abu guda mai taswirori biyar ya haura megabayit 400 ke nan, kafin a zo ga sauran ɗaruruwan abubuwan da ke cikin fage. Saboda haka ake matse su da tsare-tsare na musamman, irin su S3TC a kwamfuta da ASTC na kamfanin ARM a wayoyi. Mafi sauƙin nau'in S3TC yana mayar da waccan megabayit 64 zuwa 8. Duk wanda ya taɓa ƙona data wajen sauke wasa mai gigabayit da yawa, kaso mai yawa na abin da ya biya kuɗin sutura ne.

Wata hanyar tsimi ita ce maimaitawa. Maimakon a yi hoton fili gaba ɗaya, sai a yi ɗan yanki wanda gefensa na dama ya dace da na hagu, na sama da na ƙasa, a jera shi kamar tayil. Daga kusa ba a ganewa. Daga sama kuwa tabo ɗaya yakan riƙa dawowa a tazara ɗaya.

Inda ake samo suturar

Hanyoyi uku ne. Ta farko zane da hannu, kai tsaye a jikin siffar, da manhajoji irin su Substance Painter, ko Mari wadda aka ƙirƙira a kamfanin Weta na New Zealand lokacin aikin fim ɗin Avatar na 2009.

Ta biyu lissafi ne. Ken Perlin, wanda ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, ya gaji da yadda hotunan kwamfuta ke fitowa tsaf-tsaf kamar daga masana'anta, sai ya ƙirƙiro lissafin da ke samar da hargitsi mai tsari, irin na gajimare da hayaƙi da jijiyar dutsen marmara. Irin wannan sutura ba ta buƙatar hoto ko kaɗan, kuma ba ta maimaita kanta yadda tayil ke yi. Aikin ya jawo masa lambar yabon fasaha daga hukumar Oscar a 1997.

Ta uku ɗaukar hoton abu na gaske. Ana zagaya dutse ko gini ana ɗaukar hotuna gommai ko ɗaruruwa masu hawa kan juna, manhaja ta gano wuraren da suka yi daidai, ta fitar da raga da sutura a tare. Sunan wannan fotogiramitiri. Sharaɗinsa shi ne haske marar inuwa, domin inuwar da ta manne a sutura za ta ci karo da hasken da manhaja za ta ƙara. Ranar da hadari ya rufe rana, ko safiyar hunturu mai hazo, ta fi tsakar rana dacewa.

Da wannan hanya ake adana kayan tarihi. Bayan IS ta fitar da bidiyon farfasa kayan gidan tarihin Mosul a watan Fabrairun 2015, wasu masu sa kai suka tattara tsofaffin hotunan masu yawon buɗe ido suka sake gina wasu daga cikin kayan a kwamfuta. Shirin Zamani na Jami'ar Cape Town ya auna wurare da dama a Afirka, ciki har da babban masallacin Djenné a Mali da majami'un dutse na Lalibela a Habasha.

Kasuwar sutura kuwa a hannun 'yan kamfanoni kaɗan take. A 2019 Adobe ta sayi Allegorithmic na Faransa, mai manhajojin Substance, Epic Games kuma ta sayi Quixel na Suwidin, mai rumbun Megascans. A ɗaya ɓangaren akwai Blender, manhajar da Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya 'yantar a 2002 bayan masu amfani da ita sun tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, da rumbuna irin su Poly Haven da ke ba da sutura kyauta ba sharaɗi. Da Blender aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci Oscar na fim ɗin zane a 2025. Sai dai rumbu abin da aka zuba masa yake bayarwa. Matashin da ke son ya gina tsohuwar unguwa ta Kano ko Damagaram a kwamfuta zai samu duwatsun Iceland da bulon Turai cikin sauƙi, amma makuba da jan birji da saƙi da rinin shuni, sau da yawa sai ya fita da kyamararsa ya ɗauko da kansa.

Fatar wa aka auna?

Fatar mutum ita ce sutura mafi wuya. Haske yana shiga cikinta kaɗan, ya watsu, ya fito ta wani wuri. Shi ya sa kunne ke yin ja idan rana tana bayansa. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa uku suka wallafa lissafin wannan watsuwa, bayan sun auna abubuwa irin su madara, marmara, tuffa, naman kaza da fata. Dabarar ta shiga manyan fina-finai nan da nan, ta zama ma'aunin abin da ake kira fata mai kama da gaske.

A 2020 Theodore Kim, tsohon masanin bincike a Pixar kuma malami a Jami'ar Yale, ya yi rubutu a mujallar Scientific American yana cewa wannan ma'auni farar fata ya fi yi wa hidima. Hujjarsa ita ce ratsawar haske ta fi bayyana a farar fata, yayin da kyan baƙar fata ya fi dogara ga sheƙin da ke samanta, ɓangaren da bai samu kulawa irin wannan ba. Ya ce haka abin yake ga gashi, inda aka shafe shekaru ana gyara lissafin miƙaƙƙen gashi aka bar murɗaɗɗe. Tarihin hoto ya taɓa ganin irin wannan: tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya don daidaita launi, sai a shekarun 1990 ya fitar da mai mata masu launin fata daban-daban. Mai zane A.M. Darke ta Jami'ar California da ke Santa Cruz ta kafa rumbun siffofin gashin baƙar fata na kyauta don cike wannan giɓi. Darasin a fili yake: abin da manhaja ke bayarwa a matsayin saitin asali zaɓin wasu mutane ne, kuma ana iya canza shi.

Hujja da yaudara

Dabarar da ke ƙera ƙarya tana kuma iya tona ta. Cibiyar Forensic Architecture, wadda Eyal Weizman ya kafa a 2010 a kwalejin Goldsmiths ta Jami'ar Landan, tana gina siffar 3D ta wurin da wani abu ya faru, ta gano inda kowace kyamara ta tsaya, sannan ta haska hotuna da bidiyon shaidu a jikin siffar a matsayin sutura. Idan hotuna daga kusurwoyi daban-daban suka faɗa wuri ɗaya suka dace, sun gaskata juna. Wanda ya ƙi dacewa kuma abin tuhuma ne. Ta yi haka da gobarar benen Grenfell a Landan, wadda ta kashe mutum 72 a watan Yunin 2017. Bayan fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agusta, 2020, ta haɗa kai da kafar labarai ta Mada Masr ta Masar, suka sake gina rumbun ajiya mai lamba 12, suka nuna yadda aka jibge buhunan sinadarin amoniyam naitiret, wanda takardu suka nuna tan 2,750 aka sauke, rumbu ɗaya da tayoyi da kayan wasan wuta.

A ɗaya gefen, tashar ITV ta Birtaniya ta nuna wani bidiyo a 2011 ta ce 'yan IRA ne ke harbo jirgi mai saukar ungulu a 1988, ashe daga wasan Arma 2 aka ɗauko shi. Magajinsa Arma 3 ya sha fitowa a shafukan sada zumunta a matsayin bidiyon yaƙin Ukraine, har kamfanin Bohemia Interactive na Jamhuriyar Czech, mai wasan, ya fitar da sanarwa a watan Nuwamban 2022 yana koya wa jama'a yadda za su bambance. Cikin alamomin da ya lissafa akwai rashin ingancin hoto, girgizar kyamara da yawan faruwar abin cikin duhu. Dukansu hanyoyin ɓoye sutura ne, domin a hoto mai kyau da hasken rana maimaici da ɗinki da dishi-dishi suna tona asiri.

Abin da mai kallo zai duba

Kama da wane ba ta wane ba ce. Idan bidiyon yaƙi ko hoton wani katafaren aiki ya iso waya, akwai wuraren da ya kamata ido ya fara zuwa. A duba ƙasa da bango, ko tabo ɗaya yana dawowa a tazara ɗaya. A duba gefen abubuwa, ko ya yi sumul alhali tsakiyarsu na da gargada. A duba inda taya ko ƙafa ta taɓa ƙasa, ko akwai sawu da ƙura da inuwar da ta dace. A duba tsufa: titin gaske yana da faci da shara da zubar mai, hoton gada ko rukunin gidajen da ake kafawa a allo ranar aza harsashi kuwa komai nasa sabo ne fil, har bishiyoyinsa sukan zama tagwaye. Irin wannan hoto alkawari ne, kuma ya kamata kafar da ta buga shi ta rubuta hakan a ƙarƙashinsa.

Waɗannan alamomi na hotunan da aka gina da raga da sutura ne. Hotunan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney ke fitarwa ba su da raga a ƙarƙashinsu, kurakuransu kuma daban ne, kamar rubutun da ba ya karantuwa da inuwar da ta saɓa wa juna. Kuma dukan hanyoyin biyu suna gyaruwa kowace shekara, don haka alamar da ke aiki bana ba lallai ta yi aiki baɗi ba. Binciken da ya fi ɗorewa shi ne na asali: wa ya fara wallafa hoton, yaushe, a ina aka ce an ɗauke shi, kuma akwai wani da ya ɗauki abin daga wata kusurwa? Hoton Ma'aikatar Tsaron Rasha ta wannan hanya aka kama shi, lokacin da aka samo bidiyon tallar wasan da ke YouTube tun kafin ranar da aka ce abin ya faru.